Zarton Baba Ya Maƙale a Jidda

Kudai, Makka
Rajab, 1437

Minnatullah ta haihu! Namiji, Yaya, namiji! Idris ɗina ya zama uba bayan duk shekarun nan da muka yi muna ɗaga hannu.

To, yanzu da na sauke wannan, assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga yayata Hajiya Rabi'atu a Yawuri. Ina gaishe ki, ina gaida 'yarki Sa'adiya da mijinta Mukhtaru da yara, da duk mutanen bakin ruwa. Ki yi haƙuri na sa labari gaban gaisuwa. Malam Uzair, ɗalibin nan ɗan Zariya da ya koya mana rubutu a ajin yamma, ya sha gaya mana sallama ce farko, amma yau hannuna ya riga kaina.

Na ga yaron a asibiti. Kunnuwanmu ne, Yaya, babu tantama. Dangin uwarsa suna ta cewa hancinsu ne. Na ce su ɗauki hancin, kunnuwa dai namu ne, ga su nan a buɗe kamar faifai. Idris ya ce sunan Baba za a sa masa. Da ya faɗa sai na rungume shi.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Zarton Baba yana wajenki tun haihuwar autar Sa'adiya. Kin san tunda Baba ya kamo kifin nan a Kwara ya yanke dogon bakinsa mai haƙora dama da hagu, ba a taɓa haifar jariri a zuri'armu ya yi arba'in bai kwanta a ƙarƙashinsa ba. Na kwanta, 'ya'yanki sun kwanta, nawa sun kwanta. Ke kaɗai ce kika riga shi zuwa gidan, wataƙila shi ya sa kike da faɗa. Na ji Mukhtaru zai zo umara cikin satin nan. Don Allah ki naɗe zarton da kyau ki ba shi. Har na kafa ƙusoshi a bangon ɗakin mai jego. Mai gidan da muke haya tun da aka rushe namu na unguwar Nakkasa ya hau sama yana surutu, na ba shi dabino ya sauka.

Nora, 'yar babbar 'yata, wadda ke karatun halittun teku a jami'a a Jidda, ta ce me zai hana in kira ki a waya kawai. Na ce ban zauna kan benci da furfura ina koyon baƙaƙe don in koma surutu ba. Ni zan rubuta, ita ta ɗauki hoton takardar ta tura.

Matata Khadijatu tana gaishe ki. Ta sake zama kaka, ta fara tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ƙanenki mai farin ciki,
Falalu

Yawuri

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Falalu, ni ke faɗa, Sa'adiya ke rubutawa, kuma na hana ta gyara min magana.

Barka, barka, barka. Allah ya raya mana shi, ya ba uwarsa lafiyar shayarwa. Da aka karanta min na yi guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa za a aurar. Na ce ni ce, an haifa min ango a Makka. Tunda sunan Baba ya ci, bakina ba zai kama sunan ba, Mai Sunan Baba zan riƙa ce masa. Ka gaya masa amaryarsa tana nan, haƙora dai sun ragu, amma akwai kaji.

Maganar wai ban kwanta a ƙarƙashin zarto ba shi ya sa nake da faɗa, na ji. Kai da ka kwanta, kuka ka yi ta yi har arba'in ɗin ta cika, ni ce nake goya ka.

Na sauko da shi daga bango da kaina, na goge shi da man gyaɗa kamar yadda Inna take yi, na naɗe shi da zanena na atamfa, na sake naɗewa da sabuwar tabarma, na ɗaure da igiya. Na gaya wa Mukhtaru in ya ga dama ya manta da jakarsa, amma kada ya manta da tabarmar nan. Ya ce ai ya fi shi tsawo kaɗan. Na ce dama wa bai fi ka tsawo ba?

Amma ka saurare ni. Aro ne. Wancan zuwan da ya yi Makka ya dawo min da haƙori ɗaya a karye, ka ce a jirgi ne. Na yi shiru ne kawai, ban yarda ba. Ana gama arba'in ka ba mai dawowa na farko.

Ka gaida Khadijatu, ka ce ta tabbatar yarinyar tana wankan ruwan zafi safe da yamma, kada ta biye wa 'yan zamani. Na sa kanwa da yaji a jakar Mukhtaru.

Yayarka,
Rabi'atu

Kudai, Makka

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaisuwa, ina gaida kowa. Kin ga yau na fara da sallama, domin labarin ba na gaggawar faɗa ba ne.

Da farko, Mukhtaru lafiyarsa ƙalau, ya yi umararsa, yana nan yana cin shinkafa da rago. Ki gaya wa Sa'adiya ta kwantar da hankalinta kafin ta ci gaba da karantawa.

Zarto kuwa yana hannun hukuma.

Ga yadda aka yi. Da suka sauka Jidda aka tura kaya cikin na'urar nan mai gani har ciki. Zuwan zarton na baya ai babu irin wannan bincike. Tabarma na shiga, mai kallon allo ya miƙe tsaye. Aka kira Mukhtaru gefe, yana cikin harami, hannu ɗaya riƙe da gyauto kada ya zame. Aka kwance tabarma, aka kwance zanenki a gaban maza, sai ga Baba da haƙoransa. Jami'in kwastan ya tambaye shi wannan makamin na mene ne. Larabcin Mukhtaru kin san na salla ne kawai. Ya tattaro abin da ya sani ya ce na jariri ne. Yaya, da ya yi shiru da ya fi.

Aka kira mu a waya, ni da Idris muka kama mota daga Kudai. Muna isa na yi musu bayani tiryan-tiryan. Na ce ba makami ba ne, ba kuma tsafi ba ne, Allah ke tsare yaro, wannan gadon gida ne kawai, don jariri ya buɗe ido ya ga abin da kakansa ya fito da shi daga ruwa. Suka yarda, har suka kawo mana shayi. Na ce alhamdu lillahi, na fara naɗe tabarma. Sai ga wani dattijo mai tabarau daga ofishin kula da namun daji da na ruwa. Yana ganin zarton ya ajiye wayarsa, ya ɗauke shi da hannu biyu kamar an miƙa masa jinjiri.

Ya ce min, "Ya hajj, ka san abin da ke hannunka?"

Na ce, "Tun kafin a haife ka."

Ya ce wannan kifi mai zarto, mai shiga ruwan kogi, yana gab da ƙarewa a duniya baki ɗaya. Wai ƙasashe sun haɗu sun hana a tsallaka iyaka da shi, ko da haƙorinsa ɗaya ne. Ba zai iya ba ni in kai gida ba, ba zai iya ba Mukhtaru ya mayar ba. Ko dai ya zauna a ma'ajiyarsu a kulle, ko iyali su yarda su ba jami'a kyauta a ajiye shi inda mutane za su gani.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Na ce masa wataƙila a tekunku ya ƙare, amma Kwara fa? Ka taɓa ganin Kwara da damina? Na ce mu Sarkawa ne, masunta, Kwara kuwa gidan kifayen nan ne, yayata tana iya aiko min hotonsu tsibi guda a kasuwar Yawuri. Bai yi dariya ba. Ya ce in na kawo masa hoton guda ɗaya tak mai rai daga koginmu, zai sumbaci kaina a gaban jama'a.

To Yaya, kin ji. Ki tura bakin ruwa a ɗauko hoto. In suka ga kifin yana nan da yawa, ai ba su da hujjar riƙe namu. An yi suna lafiya, amma ƙusoshina suna nan tsirara a bango, kwanaki kuma suna tafiya. Duk safiya in na leƙa yaron sai in ga kamar bangon yake kallo.

Ƙanenki,
Falalu

Yawuri

Wa alaikumus salam.

Falalu, gaisuwa kaɗan zan yi yau, ka raba wa mutanen gida.

Zanena a gaban maza! Kai kuma kana zaune kana shan shayinsu! Abin da ya tsallake ambaliya, ya tsallake gobarar gidan Kawu, ya je Makka ya dawo ba sau ɗaya ba, shi ne ka bari wani mai tabarau ya rungume. Mukhtaru kuma in ya dawo zai same ni. Sa'adiya ta ce kada a rubuta wannan, na ce a rubuta.

Ban yarda a ba kowace jami'a ba. Ni ce babba, bakina ne zai ce i ko a'a, kuma na ce a'a. Me jami'a ta sani? Wa zai shafa masa mai?

Wai ya ƙare. Ranar da aka kawo kifin nan ina tsaye, ina 'yar yarinya. Ƙauye guda ya ci bandar namansa har aka kai wa maƙwabta. Abin da ya kai wannan girma ba ya ƙarewa kamar gishiri a kwano. Na aika wa Sarkin Ruwa, na kuma sa Rabi'u direba ya shirya motarsa, gobe da kaina zan sauka bakin ruwa. Ka gaya wa mai tabarau ya wanke bakinsa, kai kuma ka aske kanka.

Ka rufa wa angona kunnuwa da hula, ana cewa iskar na'urar sanyinku tana da kaifi.

Rabi'atu

Jidda
Sha'aban, 1437

Assalamu alaikum Hajiya Kaka. Ina gaishe ki da kyau. Ni ce Nora. Ki yi min afuwa, Hausata ta baki ce, a rubuce tana ɗingishi.

Wallahi Kaka laifina ne ta wani gefen. Kullum ina jin ana cewa zarton Baba, zarton Baba, ni kuma ina jaririya na rabu da shi. Ban taɓa tambaya ba. Da na san kifin nan ne da na hana a taso da shi. Da na gan shi a ofishin sai da na yi kuka, domin shekara da shekaru ina karanta shi a littafi, malamanmu ma yawancinsu a hoto suka san shi, ashe ni a ƙarƙashinsa na yi barci.

Gaskiya mutumin ya faɗa. A jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, wannan kifin yana matakin da daga shi sai a ce babu. Bakinsa ne ke cutarsa: duk tarun da ya gifta sai haƙoran su sarƙe. Ga shi ba ya haihuwa da yawa, kuma yana daɗewa kafin ya girma. 'Ya'yan a kogi suke tasowa, to koguna kuma sun cika da taru, an datse wasu. Sauran da aka sani da ɗan yawa suna can nesa, wajen Ostireliya.

Akwai abin da na san za ki so. Macen ba ƙwai take zubawa ba, haihuwa take yi. Kowane ɗa yana fitowa da ƙaramin zartonsa, amma a lulluɓe da wata fata mai laushi don kada ya yanki uwarsa. Sai bayan ya fito take zubewa. Subhanallah.

Kaka, jaddi, wato kakana Falalu, ba ya cin abinci sosai. Jiya ya tafi ofishin da kansa ya roƙi a bar shi ya shigo da jariri ma'ajiya ko na ɗan lokaci. Suka ce mamnu'u, an hana, ko shi ba zai shiga ba. Ya dawo ya zauna gaban ƙusoshinsa. A jami'armu kuwa akwai zaure da kowa ke shiga ya ga halittun ruwa. Na yi magana da shugabar wurin. In kin yarda, za su karɓe shi cikin 'yan kwanaki. Arba'in ta kusa. Ba zan ce miki komai ba, ke ce babba.

Jikarki,
Nora

Yawuri

Assalamu alaikum Falalu, da kai da Khadijatu da Idris da mai jego da angona. Ina gaida Nora gaisuwa ta musamman, a gaya mata Hausarta ta fi ta kakanta daɗin ji.

Na je bakin ruwa. Na fara da samarin masunta, na kwatanta musu da hannu. Suka kalli juna. Ɗaya ya ce, "Hajiya, kada dai kada kike nufi?" Na ce ban san kada ba ne, ni da aka yanke wa cibiya a kwalekwale? Wani ya ce ko a talabijin na gani. Da ba don Rabi'u ya riƙe ni ba da na nuna masa talabijin.

Sarkin Ruwa ya karɓe ni da mutunci. Ya ce shi ma labari ya ji a bakin mahaifinsa. Ya kira mutanenmu da ke su a Jabba, ya kira na Lakwaja, ya kira na can ƙasan Anaca inda ruwa ke rarrabuwa, domin can ne Baba ya kamo shi a tafiyar rani, ba nan ba. Duk wayar a gabana aka yi. Wasu suka ce ba su san shi ba. Wani tsoho a can ƙasa, muryarsa da ƙyar take fita, ya ce ya san shi sarai, yana yaro ya ga an ja ɗaya zuwa gaɓa, ya yaga taru kaca-kaca. Na karɓi wayar na ce yaushe rabonka da shi? Ya ce, "Baiwar Allah, tun ban yi aure ba, ga shi yau jikokina ke jan taruna." Wayar na kunnena har kuɗin Sarkin Ruwa ya ƙare.

Na dawo gida na zauna ina kallon inda yake rataye a bangona. Wurin ya fi sauran bangon haske. Ni duk shekarun nan na ɗauka 'yan'uwansa suna nan ƙarƙashin ruwa suna harkarsu, mu ne dai ba mu leƙa ba.

Babu hoto, Falalu. Ka bar gashinka.

Ka gaya wa Nora na yarda, amma da sharaɗi. A rubuta sunan Baba cikakke a jikin wurin, a rubuta Basarke ne mutumin Yawuri, da Larabci da Hausa. Kada a ajiye shi kusa da ƙofar bayi. Kada a ajiye shi ƙasa inda za a tsallaka shi. In sun ce ba a shafa mai, to ita Nora ta riƙa leƙa shi tana gaishe shi. Babban sharaɗi kuma, kafin kowa ya kalle shi, Mai Sunan Baba ya kwanta a ƙarƙashinsa ya yi barci, barci na gaske, ba a ɗora shi a ɗauke ba. Mai jego kuwa ba ta fita ko'ina sai ta yi arba'in, wannan babu jami'ar da za ta canja shi. Khadijatu ta ɗauke shi.

Maganar fatar nan da ke rufe zarton ɗan kifi don kada ya yanki uwarsa, na sa an karanta min sau da yawa. Na gaya wa matan unguwa, wata ta ce ina ma 'ya'yan mutane haka suke zuwa.

Ka ci abinci, kai ba yaro ba ne.

Yayarka,
Rabi'atu

Kudai, Makka

Ya kwanta, Yaya! Ya yi barci har da minshari!

Assalamu alaikum. Jiya da hantsi muka tafi Jidda, ni da Idris da Khadijatu rungume da yaro, ana saura kwana kaɗan arba'in. Malam Uzair ya ce zai bi mu don ya tabbatar ba a yi abin da ya saɓa wa shari'a ba.

Sun sa zarton a dogon akwatin gilashi mai ƙafafu, a tsakiyar zaure, fitila tana haska shi. Sunan Baba yana nan, na karanta da kaina, baƙi bayan baƙi, da ƙarfi, har mai gadi ya ce masha Allah. Khadijatu ta durƙusa ta yi shimfiɗa a ƙarƙashin akwatin, muka kwantar da shi. Sai ya ƙi barci. Ya buɗe ido tar yana kallon sama. Muka zauna a ƙasa muna jira. Ɗalibai suka taru a ƙofa, shugabar wurin ta hana kowa tari. Dattijon nan mai tabarau ma ya zo, ya cire takalmi, yana tafiya da yatsun ƙafa. Khadijatu ta fara waƙar raino irin ta Inna a hankali, ni ina kaɗa ƙafar akwatin, har mai gadi ya roƙe ni in bari. Can wajen azahar idon ya lumshe. Na waiwaya in nuna wa Malam Uzair, na same shi kwance rubda ciki yana neman inda hoton zai fi kyau.

Na ci abinci, kwano biyu.

Yanzu ki shirya. Ki zo da azumi, ki zo da Sa'adiya da yara. Ki gaya wa Sarkin Ruwa in Allah ya kira shi hajji akwai mota daga Kudai har ƙofar zauren, ni zan raka shi. Samarin nan da suka ce kada ne, duk wanda ya samu kujera a cikinsu a ba shi lambata. Har tsohon nan na ƙasan Anaca, in yana da mai kawo shi, ɗakina nasa ne. Ku zo ku ga yaron, ku zo ku ga Baba a cikin fitila. Kowa ya zo, ba a hana kowa shiga.

Ƙanenki,
Falalu